Ganye-uku a Burodin Kaka Ozella

Anti Verna,

Ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin in amsarki ta wuce jaridar Alhamis ɗin nan, to motar asibiti zan nema, ita ma ba guda ɗaya ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Da hagu nake yi, biron ma tsakanin yatsu biyu na maƙale shi, don su kaɗai suka rage min masu lanƙwasuwa. Shekarata hamsin da tara, mijina ya rasu, 'yata ɗaya, kuma tun da nake ban taɓa kai ƙarar kaina wurin kowa ba sai yau. Na sauya sunan duk wanda zan ambata, saboda haka ki buga abinki, ba mai gane mu. Mutanen kwarinmu ma in sun sayi jarida shafin rasuwa kawai suke dubawa, sauran su kunna murhu da shi.

Kin san yadda muke yi a tsaunukan Kentucky in Mayu ya kama. Ranar Asabar dangi su hau makabartar gidansu su share, ranar Lahadi a kai furanni, a yi addu'a, a jera tebura a ci abinci kusa da magabata. Kowane gida haka yake yi. Abin da ya raba mu da sauran shi ne, mu ganye-uku ba ya cinmu. Tsiron nan mai yaɗo da ya mamaye shingen kowace makabarta, wanda in ya gogi ƙafar mutum sai ya yi mako uku yana susa yana tuba, mu da hannu muke tuge shi muna hira. Da wannan aka san mu shekara saba'in.

Sirrin, wai, burodin kakata ne, Kaka Ozella, Allah ya jiƙanta. Da safen Asabar, kafin kowa ya ɗauki fartanya, sai a fito da burodin masara mai zafi wanda aka yanka 'yan tsiron ganye-uku a ciki, waɗanda ba su fi kunnen ɓera ba. Babba da yaro kowa ya ci yanka ɗaya, shi ke nan ya sha rigakafin shekara. In an gama aiki kuma ba mai zuwa gida. Kai tsaye za a gangara rafi, maza can mata nan, a cuɗe jiki da sabulun da take dafawa da kitse da ruwan toka, a wanke fartanya da adda, kayan jiki a zuba a tukunya a tafasa. Dalilinta shi ne, ba a zama cin abinci da ƙasar makabarta a jiki. Wanda ya yi jinkiri da sanda take binsa. In kuwa duk da haka wani ya fito da ƙuraje, sai a ce jinin wancan gidan ne ya rinjaye shi, a ɗora wa surukai laifi a wuce wurin.

Shekara ashirin da shida da suka wuce idanun Kaka suka fara dushewa. Wata safiya ta ce in riƙe mata kwando in raka ta tsinkar ganyen. Ina bin ta a baya da zuciya ɗaya, sai na ga mun wuce shingen da ganye-uku yake, mun tsaya gaban ƙayar bilakberi, wadda muke dafa 'ya'yanta da sukari mu yi jam na shafa wa burodi. Ita ma sabon tsironta uku-uku yake fitowa. Ta ce in tsinka. Na ce Kaka, ai ba shi ba ne. Ta dube ni da idon da ya rage mata ta ce, "Ke, kin taɓa ganin mahaukaciyar da za ta ba 'ya'yanta guba da hannunta? Tsinki ki rufe min baki."

A nan ta ba ni labarin. Wata shekara, bayan sun tara 'ya'ya, kakanmu Virgil ya jiyo a wurin masu yankan katako cewa in ka ci ganyen ba zai ƙara cinka ba. Ya dawo ya tauna guda uku. Maƙogwaronsa ya kumbura, ya yi kwana tara ruwa ma da cokali ake ɗura masa. Da ya warke sai ya ce ai kaɗan ya ci shi ya sa, baɗi zai ƙara, har da yara. Kaka ta ga gardama ba za ta fisshe ta ba, sai ta ce to ya bari ita ta riƙa haɗawa, ta san yadda ake kashe masa kaifi. Daga nan bilakberi ya shiga burodi, sabulu kuma ya shiga al'ada. Ta sa na ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki na rantse ba zan gaya wa kowa ba sai mace ɗaya, ita ma sai ranar da na kasa aikin da kaina.

To, Anti, ga inda ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Kwana goma da suka wuce na hau makabartar ni kaɗai don in ga yawan aikin bana. Na tarar ganye-uku ya nannaɗe dutsen kabarin Kaka har ya rufe sunanta. Raina ya ɓaci, na sa hannu biyu na yage shi tas. Na share gumin goshi, na sosa wuya, na dawo gida na tarar da baƙi, na shiga dafa musu kofi, ban ga sabulu ba sai yamma. Ni da na san gaskiya! Ni da nake tsinko bilakberin da hannuna! Ashe in ka daɗe kana dafa ƙarya, kai ma kana ɗanɗanawa ba ka sani ba.

Kwana biyu bayan nan hannuwana suka zama kamar kwaɓin da ya kwana yana tashi. Bororo a tsakanin yatsu, layi-layi ja har gwiwar hannu, wuya, goshi, yanzu fatar idon hagu ma ta fara nauyi. Ƙaiƙayin kuwa, na taɓa haihuwa, na taɓa karya ƙafa, amma ban taɓa goga bayan hannuna a jikin katangar kicin ina hawayen daɗi ba sai bana. Na ce wa kowa man suya ne ya fallatso min. Ina yawo da safar hannu da riga mai dogon hannu da gyale a wuya, na ja hula har gira.

Da yake ba zan iya zuwa wurin likita ba, don matar da ke karɓar kati a can ƙawar matar yayana ce, sai na bi ta bayan gida. Bayan an tashi daga coci na ce wa mata wai wata ƙawata ce a wani gari ganye-uku ya kama, me za ta yi? Kafin in kai mota na tara magani goma sha ɗaya. Na jiƙa jikina a ruwan garin ots, hatsin nan da muke kunun safe da shi, har na fito ina warin karin kumallo. Na kwaɓa sodar burodi na shafa. Na goga ɓawon ayaba, na zuba ruwan khal na yi tsalle sai da kare ya gudu waje. Na shafa kindirmo, kyanwa ta bi ni tana lasa. Na shafa man goge baki. Ciyawar nan ta bakin rafi mai ruwa a kara, wadda nake dafawa in daskarar a firiza in raba wa maƙwabtan da ganye-uku ya ci duk shekara ina musu kallon tausayi, na shafe rabon mutum shida ni kaɗai. Ruwan zafi yana min daɗin da ba zan iya rubutawa a jarida ba, amma bayan awa ɗaya abin ya dawo da ƙannensa. Saura guda ɗaya ban gwada ba, wai in kankare bororon in zuba bilic na wankin fararen kaya. Kwalbar tana nan kan tebur muna kallon juna. Wata tsohuwa a cocin ma da ta gama ba ni nata maganin sai ta dubi safar hannuna ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ta riƙa cire safar, abin yana son iska."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce Lowell, saurayin 'yata Twila, wanda za su yi aure a watan Agusta. Mutumin birni ne daga Ohio, gyaran piyano yake yi, ga ladabi ga son a so shi. Bana ne zuwansa na farko sharar makabarta. Yayana Delmer tun da ya gan shi ya sa masa suna Farfesa, ya kuma ce a gaban kowa, "Farfesa, ba mai ɗaukar 'yar gidan nan sai ya ci ganye. In cikinka na birni ne, faɗa tun yanzu mu dafa maka madara." Lowell ya ce ya karanta a waya cewa abin haɗari ne, amma mutum arba'in masu rai da lafiya sun fi waya.

Da ya ga hannuwana a naɗe, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Mama, ki huta bana, ni zan tsinko, Twila ta gasa." Na ce aikin mata ne. Delmer ya ce a wace aya aka rubuta? Na ce sai wanda ya san ganyen. Sai bawan Allahn nan ya zaro waya, yana da wata manhaja da in ka ɗauki hoton tsiro take faɗa maka sunansa. Har ya gano wani wuri bayan shingen coci, ya nuna min hoton yana murna. Anti, shi ne. Na gaske ne, mai sheƙi, ja-ja, lafiyayye. Ya sayi almakashi sabo da safar roba, ya tambaye ni ko kofi ɗaya zai isa mutum arba'in ko ya ƙara.

Za ki ce in gaya wa Twila, ai rantsuwar ta yarda da mace ɗaya. Ina son 'yata, amma cikinta ba ya riƙe magana. In na gaya mata da safe, kafin azahar mai kawo wasiƙu ya sani. In kuwa magana ta fita, Delmer nake ji. Shekararsa sittin da takwas. Ramin kwal ya cinye masa huhu, ba ya iya farauta, ba ya iya faskare, hawa makabartar ma sai ya huta sau uku. Abu ɗaya ya rage masa. Duk shekara sai ya tsaya a tsakiyar jikoki ya ɗaga igiyar ganye-uku da hannu tsirara a ɗauke shi hoto, yana cewa, "Ku duba jinin gidanku." Ran nan kaɗai nake ganin yayana na da. Washegarin taro ma don murna yake ɗaukar matarsa Nadine su tafi tafki kamun kifi, mako biyu ba mai ganinsu, ko da yake ban taɓa ganin kifin ba. Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce masa shekara sittin ganyen jam yake ci? Kuma ta yaya zan mai da Kaka maƙaryaciya ana gobe za a kai mata furanni?

Na yi tunanin in sace kwandon Lowell in musanya, amma da waɗanne hannuwa? Na yi tunanin in ce na yi mafarki Kaka ta ce a huta bana. Na yi tunanin in kwanta in ce zuciyata ce. Gaba kura, baya sayaki, tsakiya kuma ƙaiƙayi. Ki gaya min abu biyu: me zan shafa, kuma me zan ce? Asabar saura kwana biyar.

Taki cikin susa,
Mai Safar Hannu a Watan Mayu

*

'Yar'uwa Mai Safar Hannu,

Sannu da jiki. Kafin ki karanta layi na gaba, tashi ki mai da kwalbar bilic ɗin nan ɗakin wanki. Ƙuna za ta ƙara miki a kan ƙuraje, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ruwan khal ma ki bar wa kabeji, man goge baki ki bar wa haƙora, kindirmon ki ba kyanwar a kwano kamar yadda aka saba.

Abin da ke cin mutum a tsiron nan wani mai ne da ke jikinsa, daga saiwa har ganye. In aka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa tun bai kama fata ba, sau da yawa an tsira. In ya riga ya kama, ba abin da ke kicin ɗinki da zai kore shi, sai dai a lallashe shi har ya gama kwanakinsa, mako biyu zuwa uku. Masu lallashin kuwa kin riga kin gwada biyu daga ciki: wankan garin ots da kwaɓin sodar burodi. Ki ƙara da tsumma mai tsabta da aka jiƙa a ruwan sanyi, minti goma sha biyar sau uku ko huɗu a rana, da man kalamin, ruwan hodar nan da ake shafa wa masu ƙarambau. Ƙanƙarar ciyawar rafinki ba zan hana ki ba, ko ba komai tana da sanyi. Ruwan zafi mayaudari ne, ki rabu da shi. Kada ki fasa bororon, ki yanke farce, kuma tsohuwar cocinku ta yi gaskiya game da safar. Ruwan bororo ba ya yaɗa abin, ba kuma za ki shafa wa kowa ba. Mai yaɗawa shi ne man da ya rage a takalminki, rigar ran nan, sitiyarin mota, da gashin karen in ya bi ki. Yana iya shekara a jikin kaya yana jiran mai tsautsayi, don haka a wanke su duka.

Wannan shawarar ta wanda abin ya tsaya masa a hannu ce. Ke ya kai fatar ido, yatsu kuma sun daina lanƙwasuwa, saboda haka yau za ki ga likita, ba gobe ba. Akwai maganin da yake bayarwa mai sauke kumburi cikin kwanaki. Ki bar mai karɓar kati ta ga abin da za ta gani. Ido ɗaya ya fi sirri goma.

Yanzu ga babbar maganar. Ba wanda zai ci ganyen nan ranar Asabar, ko ɗan tsiro ɗaya. Abin da ya yi wa hannunki shi zai yi wa baki da maƙogwaro, har ƙofar da zai fita, kuma a cikin mutum arba'in ɗinku akwai yara da mai ciwon huhu. Abin da aka tuge ma kada a ƙone shi, hayaƙinsa ya fi ganyen sharri. Ki kira Lowell da zarar kin ajiye jaridar nan ki karɓe almakashin.

Na auna dabarar yin shiru, kuma ban raina ta ba. Kina iya jan Lowell gefe ki nuna masa ƙayar bilakberi, bana ta wuce lafiya, Delmer ya ɗauki hotonsa. Amma ki dubi abin da ya faru da ke. Ke da kika san gaskiya kin sa hannu kin yage shi. To jikan da ya tashi yana jin cewa jininsa ya fi ƙarfin ganye fa? Wata rana wani daga cikinsu zai yi aure a nesa, kewar gida ta kama shi, ya ɗauki waya irin ta Lowell ya je ya tsinko wa 'ya'yansa na gaske. Ran nan ba ki nan, ba kuma rafi kusa. Dabarar Kaka ta yi aiki ne muddin kwandon yana hannun wadda ta sani. Bana kwandon ya kuɓuce.

Rantsuwarki ba ta ɗaure ki ba. An ce sai ranar da kika kasa aikin da kanki, kuma da hagu kika rubuto min. An ce mace ɗaya, Allah kuma ya ba ki Twila. Ki gaya mata da safe, sauran aikin ita za ta yi miki.

Amma Delmer ba a bakin mai kawo wasiƙu ya kamata ya ji ba. Ki fara zuwa wurinsa ke kaɗai, ki cire safar ki ajiye hannuwanki a kan teburinsa, ki bar shi ya yi dariyarsa ta ishe shi. Kafin nan, ki ɗan tsaya a kicin ki tambayi Nadine abin da take zubawa a jakar kamun kifin nan. Mutum ya riƙe ganye-uku da hannu tsirara a tsaya ɗaukar hoto, washegarin taro ya ɓace mako biyu daidai, ya dawo ba kifi? Ruwa ba ya tsami banza. Ina zargin ba ke kaɗai ke susa a ɓoye a gidanku ba. In haka ne, shekara da shekaru yayanki yana shan azaba don kada ya ba Kaka kunya, yana zaton shi kaɗai ne jininsa ya gaza. Wannan nauyin za ki sauke masa. Ki kuma ba shi aikin tsayawa a bakin rafi da sandar Kaka, ya kora duk mai jinkirin wanka. Mai son tsayawa a tsakiyar jikoki ba zai ƙi wannan ba.

Kakarku kuwa, kada ki ji tsoron abin da za a ce. Mace ta auri mai taurin kai, ta kasa canza masa ra'ayi, sai ta canza masa ganye, ta kuma sa zuri'a guda wanka da sabulu shekara saba'in kafin likitocin garinku su fara wa'azinsa. Ku ci gaba da gasa burodin da bilakberinsa, kowa ya san abin da yake ci, Lowell ya ci yanka biyu ya ɗauki amaryarsa. Ranar Lahadi in an kai furanni ki ba da labarin a gaban dutsen da kika share. Ina tabbatar miki za a yi dariya, wasu kuma za su share ido.

Abu na ƙarshe. Kin sauya sunaye, na gode, ni ma ban taɓa ko ɗaya ba. Sai dai ban san gidaje nawa ne a gundumar nan suke cin ganye-uku a burodin masara ba, kuma ba kowa ne ke tsayawa a shafin rasuwa ba. Taki jaridar na sa a kawo miki tun da asuba, ta sauran mutane kuwa tana isa kwarinku da ƙarfe goma. In ni ce ke, tara da rabi ta same ni a ƙofar Delmer.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya hannuwan, ya kai mu Agusta ki tafa wa 'yarki da su ba safa.

Anti Verna